Rautar Cikin Kabad ɗin Mama

Masu tambayar ƙafa, na gode. Tana nan cikin siminti daga gwiwa har yatsu, ƙaiƙayi kamar an zuba min tururuwa an rufe. Wanda bai san inda muka kwana ba, ga shi a taƙaice. Ni mai zanen gine-gine ce a wani kamfani. Na zame a matakalar wani bene da muke dubawa, ƙashi ya karye, likita ya ce in zauna a gida. Manaja ya yi min alfarma guda: in ƙarasa zanen asibitin yara da na fara, daga gida, in miƙa kafin a tashi daga aiki ranar da ya sa. In na miƙa, kujerata ta tabbata. In ban miƙa ba, ya ce "sai mu duba," kuma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani ya san fassarar wannan.

A gida kuma bakina ya riga hankalina. Ranar da aka dawo da ni daga asibiti, Gwaggo, yayar marigayi Babanmu, ta zauna a bakin gadona tana lissafa min abin da ke samun mace mai hawa bene. Ta yi ta yi har raina ya ɓaci, na ce, "To Gwaggo, in aikin nan ya kuɓuce min, na yarda, a sa rana da Mai Shago." Mama ta ɗago kai ta ce, "Yaya, kin dai ji da kunnenki." Babu wanda ya tilasta ni. Ni na ƙulla igiyar da hannuna, na miƙa musu bakinta.

Kada ku ɗauka Mai Shago mugu ne. Da mugu ne da na huta. Wayoyi da na'urori yake sayarwa, yana gaishe da Mama a durƙushe, bai taɓa ɗaga min murya ba. Matsalar ita ce zuciyata tana teburin da ke kusa da nawa a ofis, wajen Dogo, wanda yake kirana Maƙwabciya, wanda ya san yadda nake shan shayi, wanda na yarda da shi har na karanta masa kalmar sirrin kwamfutata a saƙon murya ina kwance a asibiti, don ya buga wa Manaja wasu shafuka.

Yanzu ga yadda aikin yake. Zanen ba ya cikin laftof ɗina; wannan tsohuwar in ka buɗa mata zanen bene huci take farawa. Yana cikin babbar kwamfutar da ke kan teburina a ofis. Laftof taga ce kawai: in sa sunana, in sa kalmar sirri, fuskar waccan kwamfutar ta bayyana a nan, in juya linzamin kwamfuta a kan gadona, can ya motsa. Duk wannan yana bi ta waifai ɗin gida. Gidanmu kuwa a matse yake tsakanin dogayen gine-gine, sabis ɗin waya ba ya shigowa, ko kira sai ta waifai. Da tsohuwar rautarmu, wato na'urar da ke raba waifai ɗin, wadda ke kan talabijin, na yi ta lallaɓawa har na kusa gamawa. Saura in duba ma'aunin tagogi, in tura.

Sai ga alheri ya faɗo min. Mai Shago ya ji na ce waifai ɗin yana da nauyi, ana gobe ranar miƙawa ya aiko da sabuwar rauta, baƙa mai ƙahoni huɗu. Wanda ya kawo ta ya haɗa a kan talabijin, ya tafi da tsohuwar. Ni ina ɗaki, magani ya kwantar da ni. Ban san abin da Mama ta yi bayan tafiyarsa ba sai da safe.

Na yi wanka a zaune, na sa doguwar rigata mai ruwan zuma wadda aka farke gefenta don simintin ya wuce, na ɗora ƙafar a kan matashi, laftof a kan cinya. Na sa suna, na sa kalmar sirri. Ɗan zoben nan ya fara juyawa. Ya juya, ya juya, sannan ya ce ba a samu haɗuwa ba. Na sake. Haka. Na kalli alamar waifai a ƙasan allo, layi ɗaya tal, shi ma yana ɓacewa yana dawowa kamar mai jin kunyar suruki.

Na yi abin da kowa yake cewa a yi, na kashe na kunna. Ban san wanda ya fara koya wa duniya wannan magani ba, amma na lura masu ba da shi ba su taɓa tsayawa su ga ko ya yi aiki. Na goge waifai ɗin daga laftof, na sake shigar da shi. Na rufe duk abin da ke buɗe. Zoben ya ci gaba da juyawarsa. Na ɗauki sandunana na dogara zuwa falo, laftof a cikin jaka rataye a wuyana.

Babu rauta a kan talabijin.

Mama tana da kabad ɗin gilashi tun aurenta. A ciki take ajiye abin da ya fi ƙarfin amfani: tirorin ƙarfe manya a jingine, tukwanen silba da ba su taɓa ganin wuta ba, kofunan da ake jiran baƙon da ya isa ya sha a ciki, har yau bai zo ba. A nan, a tsakiya, tsakanin tire da tire, na hango rautar. An lulluɓe ta da farin ƙyalle mai aikin zare, an kwantar da ƙahoninta don ta dace da wurin, an zura wayoyinta ta ɓular da ke bayan katakon. Ƙofar a kulle.

"Mama, ina makullin kabad?"

Tana ninke kaya a kan doguwar kujera. Ba ta ɗago ba. "Me za ki yi da shi?"

"Rautar za a fito da ita. Ƙarfen nan ne ke tare sabis ɗin."

"Gilashi ne fa a gaba, Auta. Daga nan ina ganin fitilarta tana ƙyaftawa ta cikin ƙyallen. Abin da ido ya ratsa, iska ce za ta kasa?"

"Ba iska ba ce, Mama."

"To mene ne?"

Kun ga inda ilimi yake barin mutum? Na san amsar, amma ba da kalmomin da za su buɗe kabad ba.

Gwaggo tana ɗaya kujerar, ta yafa mayafinta mai duwatsu tun da sassafe kamar mai jiran biki, tana danna waya. Ta ce, "Mutum ya kawo miki abin arziki, sai a bar shi a kan talabijin ƙura ta ci? In ya shigo ya gani, ya ce gidan su wa ya kawo kaya? Waccan tsohuwar ma ai ƙurar ce ta kashe ta."

"Gwaggo, yau ce ranar."

"Mun sani. Mu ma muna lissafi."

Makullin yana ɗaure a bakin zanin Mama. Da ƙafata lau ce da na san dabarar da zan yi. Amma mace mai sanduna biyu ba ta fashin kabad.

Na ja kujerar roba na zauna dab da gilashin, gwiwata na taɓa katako. Layi ya zama biyu. Wayata ta yi ƙara, saƙonni suka shigo a tare. Dogo ne.

"Maƙwabciya, ya ƙafa? Teburinki ya yi maraici."

Na rubuta, "Na kasa shiga kwamfutata. Tun safe nake fama."

Ya amsa nan take. "Kar ki takura kanki. Ki huta. Komai zai daidaita."

Na karanta shi har sau nawa ban sani ba. Kada ku yi min dariya, wasunku sun yi abin da ya fi haka.

Daga bakin kabad na kira Anti Sanyi. Ita ce ke kula da duk na'urorin kamfani, ɗakinta kullum kamar cikin firji, shi ya sa sunan ya bi ta. Mace ce mai dokoki. Ranar da aka ɗauke ni aiki ita ta kalle ni ta saman tabarau ta ce duk wanda ya ba wani kalmar sirrinsa, shi da wanda ya karɓa ƙofa ɗaya za su bi, kuma ta taɓa aikatawa.

"Anti, ba ya shiga."

"Me ya ce miki?"

"Ba a samu haɗuwa ba."

"Daga nan ina ganin ƙwanƙwasawarki tana zuwa tana yankewa. Layin gidanku ne. Ina rautar take?"

Na faɗa mata.

"A cikin me?"

"Kabad, Anti. Tsakanin tirori."

"Ba ni mahaifiyarki."

Mama ta karɓi wayar da hannu biyu, ta gaishe ta, ta tambayi iyali, ta saurara tana gyaɗa kai, ta ce, "To, to, Allah ya saka." Ta miƙo min. Sannan ta koma ninkinta.

"Mama, me ta ce?"

"Ta ce ra'ayinta. Ita ba ta san wanda ya kawo ba."

Rana ta yi sama, ta fara karkata. Na ci abinci ban san ɗanɗanonsa ba. Sau ɗaya zoben ya tsaya, allon ya yi baƙi, sai ya jefo ni waje. Na gwada a tsaye da ƙafa ɗaya, laftof manne da gilashi, Gwaggo tana cewa in yi a hankali kar in fasa wa uwata kayan aure. Na zauna na yi kuka kaɗan, irin wanda ba ya fitowa da sauti. Mama dai ta daina ninkin, ta riƙe riga ɗaya a hannu ta daɗe.

Ita ce ta kira Mai Shago. Ba don ta yarda da ni ba, sai don ta kai ƙarar rautarsa.

Ya iso cikin riga mai ruwan toka da ta sha guga, agogon azurfa, turarensa ya riga shi shigowa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe su, ya juyo wajena. "Injiniya, an ce kayana sun ba da kunya."

Na nuna masa kabad da haɓa. Ya duba. Na ga kumatunsa suna rawa, ya yi tari ya haɗiye dariyar.

"Mama, wannan karramawar ta yi yawa. Ita abar nan ba ta son mutunci. Fili take so, ƙahoninta a tsaye, nesa da ƙarfe."

"Ashe?" in ji Mama, tana kwance bakin zani. "To ai ba wanda ya yi min bayani."

Masu karatu, kun ji. Maganar da na yi tun safe, maganar da Anti Sanyi ta yi da digirinta, ita ce dai. Muryar ce ta canza. Na ajiye wannan a raina, don ba ranar gardama ba ce.

Ya ɗora rautar a kan ƙaramin tebur a tsakiyar falo, ya miƙar da ƙahonin, ya jona ta a soket ɗin da ke gefen kujerar Mama. Layuka suka cika fal. Na sa suna, na sa kalmar sirri. Zoben ya juya sau ɗaya ya wuce.

Allo baƙi ƙirin. Kibiyar linzami kaɗai, fara, a tsakiya. Na motsa ta, ta motsa. Babu zane, babu komai. Bayan ɗan lokaci ya rufe da kansa. Na sake, haka. Na sake.

Mai Shago ya sunkuya ya duba, ya gwada waifai ɗin da wayarsa. Ya ce a hankali, "Daga nan gida an gama. Kin isa ƙofar, an karɓi makullinki. Abin da ya rage daga can ne." Ya ja da baya ya tsaya a bayan kujerata. Da ya so, da ya yi shiru tun farko ya bar rautar a kabad har a tashi daga aiki. Wannan ma na ajiye shi.

Na sake kiran Anti Sanyi, na sa a lasifika don hannuwana su samu dama.

"Yanzu layinki tsaf yake," in ji ta. "Baƙin allo kika ce? Da kibiya?"

"E, Anti."

"Tsarinmu ba ya buɗe wa mutum ɗaya tebur biyu. In sunanki yana buɗe a kan kwamfutar a nan, na nesa baƙi zai gani. Kin rufe kafin ki tafi?"

"Jiya ma na shiga daga gida lafiya lau."

Na ji ƙarar madannanta. Ta tsaya.

"An buɗe da sunanki yau da safe. A kan teburin. Kuma ana aiki a ciki yanzu haka."

Fankar sama tana ta juyawa a kanmu.

"Ba zan iya ba ki linzamin ba muddin yana ciki," ta ce. "Amma zan iya nuna miki abin da yake gani."

Allon ya haskaka. Ga asibitina. Ga doguwar barandar da na karkatar don rana kar ta faɗa kan gadajen yara, ga ƙananan tagogin da na saukar ƙasa don mai shekara uku ya iya leƙa waje. Gwaggo ta matso, ta ce, "Ke kika yi wannan?" Kibiyar tana tafiya da kanta. Na damƙi linzamina na ja, na ja. Ko gezau. Tana bin hannun wani.

Ta gangara ƙasan zanen, kusurwar dama, inda ake da ɗan akwatin da ake rubuta sunan wanda ya zana. Ta shafa sunana ya yi shuɗi. Ya ɓace. Haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, har da kuskuren da aka goge aka gyara. Mutum yana kuskuren sunansa in yana sauri, ashe.

Mama ba ta karatun boko sosai, amma ta san siffar sunan da ta raɗa min. "Auta, ina naki ya tafi?"

Wani ɗan akwati ya buɗe, an jona filashi. Koren layi ya fara cika, ana kwashe zanen. Sai kibiyar ta tsaya cak. Ta daɗe ba ta motsa ba. A kan cinyata, a saman kiran Anti, saƙo ya sauko.

"Maƙwabciya, kin ci abinci? Ina ta tunaninki."

Kibiyar ta ci gaba da tafiya.

Ban san ko Mai Shago ya karanta ba. Na dai ji ya juya ya fuskanci taga.

"Na leƙa ta gilashi, na ga wanda ke kujerarki," in ji Anti Sanyi. Muryarta ta koma irin ta ranar da aka ɗauke ni aiki. "Zan iya katse shi yanzu, in kai maganar gaban Manaja. Amma tambayar farko da za a yi min ita zan yi miki, kuma abin da kika faɗa shi zan rubuta. Kin san dokata. Sace kalmar ya yi, ko ke kika ba shi?"

Ku tsaya a inda na tsaya. In na ce sata ya yi, na yi ƙarya a gaban uwata, kuma saƙon muryata yana nan a wayar Dogo, zai fito da shi. In na ce ni na ba shi, mun fita tare, shi da ni, asibitin ya koma hannun wani na uku. In na ce a bar maganar, zai miƙa zanen da sunansa kafin a tashi, ni kuma "sai mu duba." Duk ƙofar da na kalla, a bayanta Gwaggo ce da mayafinta mai duwatsu, tana jiran alkawarin da na ɗauka da bakina.

Koren layin ya wuce rabi.

"Ina jin ki," in ji Anti.

Mama tana kallona. Ba ta san mene ne filashi ba, ba ta san me ya sa allo ke baƙi ba, amma ta san fuskata tun kafin in san ta. Na ga lokacin da ta karanta amsar a kai. Na buɗe baki.

"Anti, gaskiyar magana, ni ce na..."

Allon ya daskare. Kiran ya yi ƙit. Fitilun rautar suka mutu gaba ɗaya.

Filogin yana hannun Mama.

"Wuta ce ta ɗauke," ta ce.

Dukanmu muka ɗaga kai. Fanka tana juyawa abinta.

Gwaggo ce ta fara samun murya. "Haba, ke kuwa. Ai da kin bari ta ƙarasa. Magana ta zo inda muke so."

"Yaya, na ce ta bar aiki. Ban ce a ƙwace mata ba." Mama ta zare wayar wutar daga rautar, ta nannaɗe ta a hannunta kamar yadda take nannaɗe zare, ta jefa filogin cikin kabad, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zani. "Abin da za ta faɗa, ba ta cikin akwati za ta faɗe shi ba, ana rubutawa ba ta ga mai rubutun ba. A gaban mutane za a yi, shi ma yana tsaye, in ga idonsa."

Ta juya wajen Mai Shago, wanda har yanzu yake kallon taga.

"Kai, da mota ka zo?"

Ya juyo. Ya kalle ni, ya kalli sandunana. Ya fi kowa sanin abin da zai samu in motar nan ta ƙi tashi, ko in ya bi hanyar da ta fi cunkoso. Inuwar ginin maƙwabta ta riga ta rufe tagar falon, ma'aikata sun kusa fara haɗa jakunkuna.

Ya sa hannu a aljihu. Na ji ƙarar makullai.

"Ofishin naku," ya ce, "hawa na nawa ne?"

Na ce na huɗu, kuma lif ɗin ya lalace tun kafin in karye.

Mama ta riga ta ɗauko mayafinta.